Tambayoyi da amsoshi kan magneto-imfidans: abin da girman samfuri da gasawa ke yi wa ƙarfe amofos

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban fiziks suka fi kawowa a nan Bauchi, musamman 'yan ajin ƙarshe da masu digiri na biyu da suka zaɓi bincike kan ƙarafa masu maganaɗisu. Na tara su wuri guda don a rage maimaita amsa ɗaya a WhatsApp. Wanda ya san dokar Ohm, ya kuma taɓa karanta lantarki mai kai-da-komo, zai iya bi har ƙarshe.

Malam, shi wannan magneto-imfidans ɗin mene ne?

Ka ɗauki siririyar waya ta ƙarfe mai saurin karɓar maganaɗisu, ka bi da lantarki mai kai-da-komo ta cikinta a firikwansi mai yawa, misali megahaz 1, ka auna imfidans ɗinta (turjiyar da lantarki mai kai-da-komo ke gamuwa da ita), wato Z. Sai ka kawo ƙarfin maganaɗisu tsayayye, H, ka bi da shi ta tsawon wayar. Z zai canza, kuma ba ɗan canji ba. A samfuri mai kyau yakan sauya da kashi ɗari, ɗari uku, har sama da ɗari shida a wasu ƙananan wayoyin kobalt masu rigar gilashi, alhali H ɗin bai kai na maganaɗisun da ke maƙale a ƙofar firiji ba. A takardu ana rubuta shi GMI.

Tun 1935 Harrison da abokan aikinsa a Ingila suka ga alamarsa a wayar baƙin ƙarfe da nikel, amma ba a mayar da hankali ba. Sai a 1994 Panina da Mohri na Jami'ar Nagoya a Japan, da Beach da Berkowitz a Amurka, suka bayyana shi a wayoyin amofos, Machado da mutanensa a Burazil kuma suna nasu a kan ziri. Daga nan kasuwarsa ta buɗe.

Shi ne GMR ɗin da aka ba Fert da Grünberg kyautar Nobel a 2007?

A'a. GMR, wato babban canjin turjiya saboda maganaɗisu, al'amari ne na juyin elektron a cikin siraran shimfiɗu, kuma da lantarki tsayayye ma ana ganinsa. GMI kuwa lissafin Maxwell na gargajiya ya ishe shi, kuma in babu lantarki mai kai-da-komo babu shi.

Me ya sa sai ƙarfe amofos?

Ƙarfe na yau da kullum atom ɗinsa a jere suke sahu-sahu, kuma jerin nan yana tilasta wa maganaɗisu wata alƙibla da ya fi so. Ga kuma iyakokin ƙwayoyin kiristal da ke tare shi in zai juya. Amofos kuwa narkakken ƙarfe ne da aka sandarar da shi cikin tsananin sauri, kusan digiri miliyan ɗaya a daƙiƙa, har atom ɗin ba su sami zarafin yin sahu ba. Pol Duwez da ɗalibansa a Caltech ne suka fara yin sa a 1960 da gaurayen zinare da silikon. Yau ana feso narkakken ƙarfen a kan gargaren jan ƙarfe mai juyawa a sami ziri mai kaurin maikromita 20 zuwa 30, ko a feso shi cikin ruwa mai juyawa a sami waya mai kaurin kimanin maikromita 125, ko a ja shi cikin bututun gilashi ta hanyar Taylor da Ulitovsky a sami wayar da ta fi gashin kai siranta.

Tunda babu sahu, abin da ya rage yana juya akalar maganaɗisun abu biyu ne: matsin da ya maƙale a cikin ƙarfen lokacin sandarewa, da siffar samfurin. Gashi, wato gasa ƙarfen da zafi, yana taɓa na farko, almakashinka yana taɓa na biyu. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai cewa adadin GMI ba na gaurayen ƙarfen ba ne shi kaɗai. Na wannan gutsuren ne da ke hannunka, da tsawonsa da kaurinsa da irin zafin da ya sha.

To ta yaya maganaɗisu ke shafar imfidans?

Lantarki mai kai-da-komo ba ya ratsa dukan kaurin waya. Yana taruwa ne a gefen waje, zurfin da yake shiga kuma, δ, shi ne tushen murabba'i na ρ/(πfμ). Nan ρ turjiyar ƙarfen ce, f firikwansi, μ kuma famiyabiliti (sauƙin karɓar maganaɗisu) ta kewayen wayar, ba ta tsawonta ba.

Mu saka lambobi. Turjiyar amofos takan kai kimanin maikro-ohm santimita 130. A megahaz 1, in famiyabilitin ta ninka ta sarari sau 10,000, δ ba zai wuce maikromita 6 ba. Wayar da rabin kaurinta maikromita 62 ne, ka ga lantarkin ya matsu a ɗan siririn zobe, turjiya ta ninka kusan sau biyar ko fiye. Yanzu ka kawo H mai ƙarfi ya miƙar da maganaɗisun duka ta tsawon waya. Famiyabilitin kewaye ta faɗi, a ce zuwa 100, δ ya koma kusan maikromita 57, lantarki ya bazu ko'ina, Z ya sauko. Iyakar sirrin ke nan.

A ƙasa da 'yan kilohaz, abin da ake gani canjin indoktans ne kawai. Daga kilohaz 100 zuwa 'yan megahaz nan ne wannan bayani ya fi aiki. In aka doshi gigahaz sai rawar maganaɗisu da ake kira FMR ta karɓi ragama.

Kaurin samfuri fa, me yake canzawa?

Yana canza firikwansin da za ka sami sakamako mafi girma. Abin ba ya tashi sai δ ya gaza rabin kaurin samfurin. Tunda δ yana raguwa ne da tushen murabba'in f, in ka rage kauri da rabi kana bukatar firikwansi ninki huɗu, in dai μ ba ta sauya ba, ita kuwa raguwa take yi yayin da f ke hawa. Saboda haka waya mai maikromita 125 takan nuna bajintarta daga ɗaruruwan kilohaz zuwa megahaz kaɗan, ziri mai maikromita 20 yana son megahaz da dama, ƙaramar waya mai rigar gilashi kuma sai gomomin megahaz zuwa sama.

Wannan yana da muhimmanci wajen zaɓe. In na'urar auna LCR da ke ɗakin gwajinku ba ta wuce kilohaz 100 ko 200 ba, kada ka yi odar siririyar waya mai maikromita 10, domin layi miƙaƙƙe za ka yi ta zanawa ka ce kayan jabu ne. Nemi mai kauri, ko ka nemi ƙaramar na'ura irin NanoVNA da ke kaiwa ɗaruruwan megahaz.

Malam, na yanka wayata gida uku, 10 cm da 2.5 cm da 5 mm. Gajeriyar kusan ba ta nuna komai. Ta lalace ne?

Ba ta lalace ba, Malama. A nan ne ma gizo ke saƙa.

Duk ƙarfen da ya ɗauki maganaɗisu ta tsawonsa, bakunansa biyu suna zama arewa da kudu, su kuma suna haifar da wani ƙarfi a cikinsa da ke adawa da H ɗin da kika kawo. Abin da cikin wayar ke ji shi ne H − NM, inda M maganaɗisun wayar ne, N kuma lamba ce da ta dogara ga siffa kaɗai. Doguwar siririyar waya N ɗinta kusan sifili ne. Da zarar ta gajarce, N yana tashi da gudu, kusan da murabba'in gajarcewar.

Ga lissafin kusa-kusa da naki samfuran, in kaurin maikromita 125 ne kuma ƙarfen yana cika a tesla 0.8, wato M kimanin amfiya 640,000 a mita. Mai 10 cm, tsawonta ya ninka kaurinta sau 800, N kusan 0.00001, ƙarfin adawa kuma kimanin amfiya 6 ne a mita. Mai 2.5 cm ya kai kimanin 80. Mai 5 mm kuwa ya haura 1,300. To koyil ɗinki nawa yake bayarwa? In iyakarsa 700 ne, ba ki ma kai ga miƙar da maganaɗisun gajeriyar ba, balle Z ya sauko. Abin da za ki gani shi ne ƙololuwar zanen Z a kan H ta matsa can waje, ta baje, ta yi ƙasa.

Akwai kuma abu na biyu. Kusa da bakin waya tsarin gundumomin maganaɗisu yana hargitsewa, ga kuma matsin da almakashi ya bari. A doguwar waya wannan yanki ɗan kaɗan ne cikin jimla. A gajeriya, bakin nan da wancan sun haɗe, babu tsakiya mai lafiya. An daɗe da sanin haka a wayoyin baƙin ƙarfe masu maikromita 125: in sun gaza kimanin santimita 7 suna rasa halinsu na juyewa gaba ɗaya a tsalle guda, alhali masu rigar gilashi, saboda sirantarsu, 'yan milimita sun ishe su.

Gajarta ba asara ba ce zalla. Kaifin ji yana raguwa, amma faɗin H da sensa za ta iya aunawa yana ƙaruwa, kuma masu ƙera sensa da gangan suke wannan cinikin. Ki riƙe samfuran ukun nan, babi guda ne na aikinki.

Ke nan in yi ta ƙara tsawo?

Har zuwa inda koyil ɗinka ke ba da H bai ɗaya. Koyil biyu irin na Helmholtz masu rabin faɗi 10 cm, tsakiyarsu ce kawai daidai, 'yan santimita. In waya ta leƙa waje, kowane sashe nata H daban yake ji. A manyan firikwansi kuma doguwar waya tana zama layin aika sigina, lissafin ya rikice.

Shi koyil ɗin ba sai an sayo daga waje ba. Masu naɗin koyil ɗin fanka da injin ruwa a wajejen Wunti ko Muda Lawal za su naɗa maka in ka kai musu ma'auni. Naɗi 100 a kowane ɓangare, rabin faɗi 10 cm, tazara 10 cm, amfiya ɗaya: za ka sami kimanin militesla 0.9, wato wajen amfiya 715 a mita. Ka dai nace firam ɗin ya zama na katako ko roba, babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya.

Rigar gilashin tana da tasiri?

Sosai. Gilashi da ƙarfe ba sa tsukewa daidai in suna hucewa, don haka gilashin yana ɗaure ƙarfen. Gwargwadon kaurin rigar a kan kaurin ƙarfen, gwargwadon matsin, gwargwadon kuma H ɗin da ake bukata kafin a kai ƙololuwa. A rubuta kauri biyun a rahoto, na ƙarfe da na duka.

Me gashi ke yi wa ƙarfen?

Sandarewa cikin sauri tana barin matsi a ciki, domin waje ya riga ciki daskarewa. Matsin nan, σ, yana haɗuwa da wata ɗabi'a ta ƙarfen, magnetostirikshin, λ, wato yadda tsawonsa ke ɗan sauyawa in ya ɗauki maganaɗisu. Haɗuwarsu tana kafa alƙiblar da maganaɗisu ya fi so, da ƙarfi kimanin (3/2)λσ. A gaurayen baƙin ƙarfe λ babba ce, wajen +30 cikin miliyan. A gaurayen kobalt da aka zuba wa baƙin ƙarfe kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari, irin Co68.15Fe4.35Si12.5B15, λ ta kusa sifili, kimanin −0.1 cikin miliyan. Wannan ɗan ragin ne ke sa maganaɗisun gefen wayar ya kwanta a kewaye, gaɓa-gaɓa kamar rake, wannan gaɓa ta juya dama, ta gaba ta juya hagu. Tsarin da GMI ya fi so ke nan, shi ya sa kobalt ya yi wa baƙin ƙarfe nisa a wannan fage duk da tsadarsa.

Gashi daidai wa daida yana ba atom damar ɗan gyara zama ba tare da sun yi sahu ba. Matsi ya saki, μ ta hau, δ ya ragu, GMI ya ƙaru. Sai dai a kula: a gaurayen da λ ɗinsu ta kusa sifili, gashi yana iya sauya λ ɗin kanta, har ta tsallaka daga ragi zuwa ƙari. In haka ta faru, zanen da ke da ƙololuwa biyu sai ya koma mai guda ɗaya a tsakiya.

Zafi nawa, kuma minti nawa?

Babu lamba ɗaya. Lambobi biyu za ka nema a takardar kamfanin da ya yi ƙarfen: zafin Curie, inda maganaɗisu ke gushewa, da zafin da kiristal ke fara fitowa. Metglas 2714A na kobalt, Curie ɗinsa digiri 225 ne, kiristal kuma 550. Na 2705M kuwa 365 da 520. Ka ga ɗaya filinsa da faɗi, ɗayan a tsuke.

Na sama, wato zafin kiristal, kowa yana tsoronsa, kuma da gaskiya: in kiristal ya fito a gaurayen kobalt, taushin maganaɗisun ya tafi, ba kuma ya dawowa. Amma na ƙasa, wato Curie, shi ne ya fi cin mutane. Ɗalibi zai ce bari ya yi taka-tsantsan ya gasa a ƙaramin zafi, ƙasa da Curie, ba tare da H ba. A wannan zafin gundumomin maganaɗisu suna nan, atom kuma suna gyara zamansu bisa alƙiblar da suka tarar a kowane wuri. In ya huce, bangayen gundumomin sun kafe a inda suke, μ ta ragu, zanen tafiya da na dawowa suka rabu. Sai ya zo yana cewa gashi ya ɓata masa samfuri. Mafita ita ce a gasa sama da Curie amma ƙasa da zafin kiristal da tazara mai kyau, a kuma hanzarta hucewa, ko a gasa cikin H mai ƙarfi.

Lokaci kuwa yana tafiya da zafi. Zafin kiristal da ke takarda an auna shi ne ana ɗaga zafi a hankali ba tsayawa. In ka ajiye samfuri awa da awanni a ƙasa da shi kaɗan, kiristal zai fito. Yawancin masu bincike suna tsayawa tsakanin 'yan mintuna da awa ɗaya.

An ce kiristal yana ɓatawa, amma na karanta cewa Finemet sai an gasa shi ya yi kiristal.

Duka biyun gaskiya ne. Finemet, Fe73.5Cu1Nb3Si13.5B9, Yoshizawa da abokan aikinsa a Hitachi Metals suka fito da shi a 1988. In aka gasa shi a kimanin digiri 550 na awa ɗaya, jan ƙarfen da ke ciki yana sa ƙwayoyin kiristal su ɓullo da yawa, niyobiyum kuma yana hana su girma, sai su tsaya a wajen nanomita 10. Ƙanƙantarsu ta sa alƙiblolinsu ke kashe juna, kamar yadda Herzer ya bayyana, inda taurin maganaɗisu ke tafiya da girman ƙwaya a ƙarfi na shida. Sannan λ ta ƙwayoyin ragi ce, ta amofos ɗin da ya rage ƙari ce, jimla ta kusa sifili. Ɗanyen Finemet GMI ɗinsa ba abin a zo a gani ba ne, gasasshe kuwa yana gogayya da kobalt. In aka zarce digiri 600 da ɗoriya, gaurayen baƙin ƙarfe da boron suna fitowa, komai ya rushe.

Gasasshen Finemet yana da gautsi ƙwarai. Yanka shi daidai tsawon da kake so kafin ya shiga tanda, bayan nan ko da hantsaki sai da lallaɓawa.

Mene ne amfanin gasawa cikin maganaɗisu, ko ana ja, ko da lantarki?

Gashi zalla yana cire abin da ba a so. Waɗannan ukun suna dasa abin da ake so. In ka gasa ziri ƙasa da Curie da H mai ƙarfi ta faɗinsa, alƙiblar da aka fi so za ta koma ta faɗi, ka sami ƙololuwa biyu masu tsafta. In ka gasa shi ta tsawo, guda ɗaya. Gashi ana ja, da ɗan nauyi rataye a bakin waya, shi ma yana kafa alƙibla ta gicciye a gaurayen kobalt da Finemet, kuma yakan fi na H ƙarfi, har ya yi yawa ya rage kaifin ji.

Na lantarki shi ne mafi sauƙi a wurinmu. Ka bi da lantarki tsayayye ta wayar, ɗaruruwan miliamfiya ga mai maikromita 125, ta gasa kanta, lantarkin kuma ya haifar da maganaɗisu a kewaye, daidai alƙiblar da ake nema. Batir da rizisto mai juyawa sun isa, ko an ɗauke wuta aikinka na tafiya. Illarsa ita ce ba ka san zafin kai tsaye ba. Ka sa ido a kan turjiyar wayar: in ta fara faɗuwa ba ta dawowa, kiristal ya soma. Kuma a kashe fanka, domin iska kaɗan tana sauya zafin siririyar waya.

Ba mu da tandar da ake zuƙe wa iska. In gasa a fili?

Za ka iya, amma ka san cewa saman zirin zai yi tsatsa, wani lokaci ya yi ɗan kiristal, kuma a saman nan lantarkin ke bi. An ma yi amfani da wannan da gangan: zirin kobalt da aka gasa a iska cikin ɗan H yana ba da zane mai karkata gefe guda, wanda ke da amfani ga sensa. In ba shi kake nema ba, saka samfurin a bututu ka bi da iskar argon, irin wadda masu waldar argon ke amfani da ita.

In haɗa wayoyin awo da solda?

Gara fentin azurfa mai bi da lantarki, ko matsewa da ɗan faifan jan ƙarfe. Bakin ƙarfen solda yana haura digiri 300, ka gasa bakunan samfurin ke nan ba da niyya ba, kuma a gajeren samfuri bakunan su ne kusan duka. Kada kuma ka ɗaure shi tamau a kan allo, ja kaɗan yana matsar da ƙololuwa.

Ƙololuwata biyu ba su yi daidai da sifili ba, sun karkata gefe.

Duba inda tebur ɗinka ya fuskanta. Bauchi tana kusa da layin da maganaɗisun duniya ke kwance, don haka kusan dukan ƙarfinsa, maikrotesla 30 zuwa 35, a kwance yake yana nuna arewa. Wannan ya kai kimanin amfiya 27 a mita, ga samfuri mai taushi kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Juya samfurin ya kwanta gabas da yamma. In karkatar ta tafi, shi ke nan. In ta rage, nemi ƙafar tebur ta ƙarfe, ko lasifikar waya, ko wani lantarki tsayayye da ke ɓuya cikin siginarka.

Takardar da na karanta ta ce kashi 300, ni na sami 80 da gauraye iri ɗaya.

Kafin ka zargi kayanka, duba abu biyar a takardar: tsawon samfurinsu, firikwansi, girman lantarkin awo, iyakar H ɗinsu, da abin da suka raba da shi. Yawanci ana lissafin [Z(H) − Z(Hmax)]/Z(Hmax), wasu kuma da Z(0) suke rabawa, lambobin ba za su taɓa zama ɗaya ba. Wanda koyil ɗinsa ya kai amfiya 10,000 a mita zai sami kaso mafi girma fiye da mai 700 a kan waya guda. Turjiyar mahaɗa da indoktans na wayoyin awo su ma suna shiga Z su rage kason. Takardar da ba ta faɗi waɗannan ba, ni ban cika ba ta muhimmanci ba, komai girman mujallar. Kai ma a naka aikin, in kana gwada zafi, yanka duka samfuran tsawo ɗaya daga naɗi ɗaya, ka bar guda ɗanye don kwatance.

A ina ake amfani da shi?

Kamfanin Aichi Steel na Japan ya fito da sensa ta wayar amofos tun farkon shekarun 2000, ta shiga kamfas ɗin wayoyin hannu. Ana gwada shi wajen gano tsaga a ƙarfe, auna lantarki ba tare da taɓa waya ba, da auna matsi. A ɗakunan bincike an kai ga jin pikotesla, ba tare da sanyaya na'ura ba.

Zafin watan Maris da Afrilu a nan zai gasa min samfuran da na ajiye?

Digiri 40 ba zai sa kiristal ba, ya yi nisa da 500. Amma zai iya ɗan motsa awonka, musamman a gauraye mai ƙaramin Curie irin 2714A, ko in an manna samfurin a allon da ke buɗewa da zafi yana jan sa. Rubuta zafin ɗaki a kowane awo, ka kuma yi na kwatance a lokaci ɗaya na yini. Damina ce abin tsoro ga gaurayen baƙin ƙarfe, tsatsa ke kama su. Ajiye su a kwalba mai murfi da 'yar jakar silika, a miƙe, kada a lanƙwasa.